Sabobi 600, cibiyoyi 30: yaya manhaja za ta san hanyar da za ta bi?

"Assalamu alaikum. Muna da manhajar kiran bidiyo da aika manyan fayiloli. A da sabobinmu, wato manyan kwamfutocin da ke ɗauke da aikin manhajar, 40 ne, kowace tana aika wa kowace fakitin gwaji, wato ɗan ƙunshin bayani, duk sakan biyar, mu tara sakamakon wuri guda, manhaja ta duba ta zaɓi hanya mafi sauri. Yanzu mun kai sabobi 600 a cibiyoyin bayanai 30, tsarin ya fara nishi. Rumbun adana sakamako yana cika, bayanin da ke isa ga manhaja ya riga ya tsufa, wani lokaci ma hanyar da aka ce ita ce mafi kyau ita ce ke yanke kira. Ta yaya ake sa ido a kan netwok mai girma haka ba tare da sa idon ya zama shi ne nauyin ba?"

Wa alaikumus salam, Malam. Idan na fahimce ka, abu uku ne suka haɗe maka: awon ya yi yawa, raba sakamakonsa ya yi tsada, sannan shawarar da ake yankewa da shi ba ta da tabbas. Tushensu ɗaya. An gina tsarin ne don a san komai game da kowace hanya, alhali abin da manhaja take bukata kaɗan ne: daga nan zuwa can, a wannan lokacin, wace hanya ce cikin biyu ko uku ba za ta ba ni kunya ba? Duk abin da zan faɗa a ƙasa kan wannan ya ginu. A yi taswira mai faɗi wadda ake sabuntawa a hankali don rage zaɓi, a bar wa manhaja tabbatarwa ta ƙarshe a lokacin da za ta yi amfani da hanyar.

Inda nauyin yake

Mu fara da lissafi. Sabobi 40, kowace tana gwada sauran 39, hanyoyi 1,560 ke nan. Sabobi 600 kuwa 359,400. Sabobin sun ninka sau 15, hanyoyin sun ninka kusan sau 230. Amma fakitin gwajin kansa ba shi ne ke kashe ka ba. Kowace saba tana aika kimanin fakiti 120 a sakan, idan kowane bai wuce bayit 100 ba, abin bai kai kilobit 100 a sakan ba, wanda ba komai ba ne a wurin saba. Nauyin yana wajen tarawa da rabawa. Sakamako kusan 72,000 ne ke shiga rumbunka kowane sakan. Idan kuma kowace saba tana bukatar cikakken jadawali don ta lissafa hanya, a ce bayit 16 ga kowane layi, megabayit 5.7 ne ga saba ɗaya, a ninka sau 600 ya haura gigabayit 3 a kowane zagaye. Shi ya sa bayanin ke tsufa kafin ya iso.

Wannan bango tsoho ne. A 1999 Stefan Savage da abokan aikinsa a Jami'ar Washinton suka nuna cewa a kashi 30 zuwa 80 cikin ɗari na hanyoyin da suka auna, akwai wata hanyar ratse da ta fi wadda intanet ya zaɓa. Dalili kuwa, BGP, wato ƙa'idar da manyan kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi da ita, ba ta duba jinkiri ko cunkoso, yarjejeniyar kasuwanci da yawan kamfanonin da za a ratsa take bi. A 2000 Craig Labovitz da abokansa suka auna cewa idan hanya ta yanke, BGP kan ɗauki kimanin minti uku kafin ta daidaita, wani lokaci har minti 15. Daga nan ne a 2001 David Andersen da Hari Balakrishnan da Frans Kaashoek da Robert Morris na MIT suka fito da wani tsari mai suna RON, wanda yake yin daidai abin da kake yi: kowa ya gwada kowa, a kauce wa matsala cikin ƙasa da sakan 20. Su da kansu sun ce tsarin na rukunin da bai wuce na'urori kusan 50 ba ne. Ka ga ke nan kun daɗe da wuce inda aka tsara shi ya tsaya. Amma akwai abin da suka gano da zai rage maka aiki sosai: a mafi yawan lokuta zango ɗaya a tsakiya, wato saba ɗaya da za a ratsa ta cikinta, ya isa a kauce wa matsala. Ba ka bukatar lissafin hanya mai zango uku ko huɗu.

Me za a auna, kuma don wa

Kafin a rage yawan awo, a tsayar da abin da ake aunawa, domin manhajarka aiki biyu take yi masu bukata daban. Kiran bidiyo jinkiri da tangal-tangal ɗin jinkiri da ɓacewar fakiti ne ke damunsa. Shawarar ITU, hukumar sadarwa ta duniya, mai lamba G.114 ta ce jinkirin tafiya ɗaya da bai wuce milisakan 150 ba ya wadatar da yawancin hira. Saboda haka hanya mai milisakan 70 da take tsaye cak ta fi mai 45 da kan yi tsalle zuwa 300 duk bayan 'yan sakanni. Aika babban fayil kuwa, ƙaramar asara ce ke karya shi. Lissafin da Matthew Mathis da abokansa suka fitar a 1997 ya nuna cewa gudun TCP na gargajiya, wato ƙa'idar da ake aika fayil da ita, yana raguwa gwargwadon tsawon zuwa da dawowa da kuma tushen murabba'in asara. Da fakiti mai bayit 1,460 da zuwa da dawowa na milisakan 100, asarar kashi 1 cikin ɗari tana tsayar da haɗi ɗaya a kusan megabit 1.4 a sakan, komai faɗin wayar. Idan asarar ta sauka zuwa fakiti ɗaya cikin 10,000, gudun ya kai kusan megabit 14. Sababbin hanyoyin sarrafa cunkoso irin BBR ba sa jin asara haka, sai ka duba wanda sabobinka ke amfani da shi kafin ka ɗora lissafi a kai.

A nan ne nake zargin matsalarka ta uku take, wato hanya "mafi kyau" da ke yanke kira. Idan da jinkiri kaɗai kuke jera hanyoyi, kuma matsakaici kuke ɗauka, to kuna ɓoye abin da ke kashe kira. Fakiti 99 masu milisakan 40 da ɗaya mai sakan ɗaya matsakaicinsu bai kai 50 ba. Ka riƙa adana adadin da ke tsakiyar jeri, da kuma iyakar da kashi 95 ko 99 cikin ɗari na fakitoci ba su wuce ba. Kada kuma ka ɗauki irin wannan adadi daga sabobi goma ka fitar da matsakaicinsu, lissafin ba ya haɗuwa haka. Kowace saba ta aiko da ƙidayar fakitoci nawa suka faɗa a kowane matakin jinkiri, a tara ƙidayar, sannan a fitar da adadin. Tsare-tsare irin t-digest da DDSketch don wannan aka yi su.

Asara ta fi jinkiri wuyar aunawa, kuma mutane da yawa ba sa lura. Jinkiri, fakiti goma sun ba ka hoto. Amma idan ka aika fakiti 100 babu wanda ya ɓata, iyakar abin da za ka iya cewa da tabbacin kashi 95 shi ne asarar ba ta wuce kashi 3 cikin ɗari ba. Don ka ce ba ta kai ɗaya cikin 1,000 ba, sai ka aika kusan 3,000 duk sun iso. A gudunka na fakiti ɗaya duk sakan biyar, sama da awa huɗu ke nan. Wato tsarinka na yanzu, duk da nauyinsa, makaho ne ga irin asarar da ke rage gudun fayil. Gara hanyoyi kaɗan da ake aunawa sosai da hanyoyi dubbai da ake leƙawa sama-sama.

Rage awo ba tare da makancewa ba

Mataki na farko, kuma mafi riba, shi ne rukuni. Sabobi 20 da ke cibiya ɗaya, idan za su je wata cibiya, kusan duk tafiyar tare suke yi. Ba dalilin auna hanya ɗaya sau 400. Cibiyoyi 30 hanyoyi 870 ne kacal. Ka zaɓi wakilai uku a kowace cibiya, a rak (kantar da ake jera sabobi) daban-daban, kowace ta gwada takwararta a sauran cibiyoyi, gwaji 2,610 ke nan maimakon 359,400. Da wannan ragin za ka iya ɗaga gudun gwaji zuwa fakiti goma a sakan, ka sami fakiti 3,000 a minti biyar daga wakiliya ɗaya. Uku na ce ba ɗaya ba, domin idan wakiliya ɗaya ta ga matsala sauran biyu ba su gani ba, to sabar ce ko rak ɗinta, ba hanyar ba. Microsoft ya bayyana irin wannan tsari a 2015 da sunan Pingmesh: sabobin rak ɗaya suna gwada juna duka, rak da rak ta wakilai, cibiya da cibiya ta wakilai.

Sai dai akwai tarko. Tsakanin cibiya da cibiya sau da yawa ba waya ɗaya ba ce. Rautoci, wato na'urorin da ke tura kowane fakiti kan hanyarsa, suna raba zirga-zirga a kan layuka da yawa masu tsada ɗaya, kuma suna zaɓar layi ne ta lissafi a kan abu biyar: adireshin mai aikawa, na mai karɓa, lambar ƙofar (port) kowannensu, da nau'in ƙa'ida. Idan gwajinka kullum da lambar ƙofa ɗaya yake fita, layi ɗaya yake bi har abada. A ce layuka takwas ne, ɗaya ya lalace, gwajinka zai ce lafiya lau alhali kira ɗaya cikin takwas yana shan wahala. Maganin shi ne a riƙa juya lambar ƙofar fita cikin jeri na 16 ko 32, a kuma adana sakamakon kowace daban na ɗan lokaci don a gane idan asarar ta taru a kan wasu. Haka nan ka daina dogaro da ping na ICMP, wato ɗan saƙon da aka saba aikawa a ga ko na'ura za ta amsa. Rautoci da yawa suna taƙaita shi ko su ajiye shi a baya, kuma ba lallai ya bi layin da kiranka ke bi ba. Gwajin ya yi kama da ainihin kaya: ƙa'idar UDP idan da ita kiran ke tafiya, girman fakiti ɗaya, alamar fifiko ɗaya. TWAMP na 2008 da STAMP na 2020 ƙa'idoji ne da aka riga aka tsara don wannan, ba sai ka ƙirƙiro naka ba.

Mataki na biyu: ka ci moriyar awon da kake samu kyauta. Duk haɗin TCP da ke kan sabarka yana auna zuwa da dawowa da yawan sake aikawa. A Linux, TCP_INFO zai ba manhaja waɗannan alƙaluma, umarnin ss -ti kuma zai nuna maka su da idonka. Kiran bidiyo da ke kan RTP, ƙa'idar aika murya da hoto kai tsaye, yana da rahotannin RTCP masu ɗauke da asara da tangal-tangal. Wannan ya fi kowane fakitin gwaji gaskiya, don shi ne abin da mai amfani ya ɗanɗana. Gibinsa ɗaya ne, hanyar da ake bi kaɗai yake gani. Don a san halin hanyar da ba a bi, sai a karkatar da ɗan ƙaramin kaso na ainihin zirga-zirga ta can, kamar yadda Facebook ya bayyana a tsarinsa na Edge Fabric a 2017. A wurinka, gutsuren fayil ne ya dace da wannan gwaji, don idan ya makara ba wanda zai ji. Kada a yi gwaji da kiran mutane.

Mataki na uku na masu amfani ne, waɗanda ba za ka taɓa iya gwada su ɗaya bayan ɗaya ba. A nan ake hasashe. Vivaldi, wanda aka wallafa a 2004 daga MIT, yana ba kowace na'ura matsayi a wata taswirar lissafi, kamar an ɗaure na'urorin da sifirin, kowane awo ya ja ko ya tura har su daidaita. Nisan da ke tsakanin matsayi biyu shi ne hasashen jinkiri, ko da ba su taɓa magana ba. Manhajar Consul ta kamfanin HashiCorp tana amfani da shi. Yana da arha ƙwarai, amma ka san iyakarsa. Jinkiri kawai yake hasashe, bai san asara ba. Sannan taswira irin wannan ta ginu ne a kan cewa hanyar kai tsaye ba ta fi ratse tsawo, alhali a intanet ana samun A zuwa C milisakan 120, amma A zuwa B 40, B zuwa C 50. Irin wannan ratsen shi kake nema, kuma shi ne taswirar ke shafewa. Don haka ka yi amfani da ita wajen rage cibiyoyi 30 zuwa huɗu ko biyar mafi kusa, kada ka bar mata zaɓin ƙarshe. Wata hanyar mai sauƙi ita ce tara masu amfani bisa kamfanin sadarwarsu da rukunin adireshinsu, a yi wa sabon shiga hasashe da abin da maƙwabtansa suka gani a awannin baya.

Daga awo zuwa shawara

Abin da za a miƙa wa manhaja gajeren jeri ne: ga hanyoyi uku zuwa inda za ki, ga kimar kowace, ga shekarun bayanin. Saba da ke cibiya ɗaya layuka 29 take bukata, kowane da zaɓi uku, abin da bai wuce 'yan kilobayit ba. Ƙa'idar ALTO ta 2014 kusan haka ta tsara: taswira ɗaya mai tara adireshi rukuni-rukuni, ɗaya mai faɗin tsada tsakanin rukunoni. Ko ba ka yi amfani da ita ba, rabon yana da kyau, don ta farko takan daɗe ba ta canja ba, ta biyu ce ke motsi.

Gudu biyu nake ba da shawara. Taswirar tsada a sabunta ta duk sakan 30 zuwa minti ɗaya. Gano yankewa kuwa kada ya jira cibiyar tara bayanai ko kaɗan. Manhajar da ke cikin kira ita ce ta fara sanin fakiti sun daina zuwa, kuma tana da hanya ta biyu a hannu, sai ta koma kawai ta kai rahoto daga baya. Lokacin buɗe haɗi ma za ta iya tsere: ta fara da ta farko, idan ba amsa cikin milisakan 250 ta fara ta biyu, wadda ta riga amsawa ita ce. Dabarar Happy Eyeballs ke nan da burauza ke yi tsakanin nau'o'in adireshin intanet biyu, IPv6 da IPv4. Idan kuma taswirar ta ɓace gaba ɗaya, akwai madogara: binciken Krishna Gummadi da abokansa na 2004 ya nuna cewa gwada zango huɗu da aka zaɓa haka kawai yana samar da kusan duk ribar da ratse ta zango ɗaya za ta iya bayarwa lokacin yankewa.

Yanzu ga haɗarin da ya fi kowane, kuma ya fi bayyana idan tsarin ya fara aiki da kyau. Ka gaya wa sabobi 600 cewa hanyar B ta fi, duk su kwarara can, B ta cushe, awo na gaba ya ce A ta fi, duk su dawo. ARPANET, netwok ɗin da intanet ya samo asali daga gare shi, ta sha wannan bayan ta fara zaɓar hanya da jinkirin da take aunawa a 1979, har aka gyara ma'aunin a 1987. Ga abin da ke kwantar da shi a aikace. Kada a sauya hanya sai sabuwar ta fi ta yanzu da rata mai ma'ana, a ce kashi 20 cikin ɗari kuma aƙalla milisakan 10, a zagaye uku a jere. Bayan an sauya a zauna aƙalla minti biyu, sai fa idan hanyar ta mutu. A sa wa kowace saba ɗan jinkiri na daban kafin ta sauya don kada su tashi tare. A matsar da kaya kashi-kashi, a ce kashi 10, a duba, a ƙara. Idan hanyoyi biyu ko uku sun yi kusa a kima, kowace manhaja ta ɗauki biyu a cikinsu haka kawai ta bi wadda ta fi, kaya zai bazu da kansa. Waɗannan alƙaluma mafari ne, za ka daidaita su da abin da netwok ɗinka ya nuna. Zango kuma ya riƙa sanar da nauyin da ke kansa, don hanya mai kyau da ta ratsa sabar da ta cika ba ta da amfani.

Abin da wannan tsari ba zai yi maka ba

Haske a cikin wayar faiba yana cin kimanin kilomita 200 a milisakan ɗaya, saboda haka kilomita 1,000 milisakan 10 ne zuwa da dawowa, ba dabarar da za ta rage wannan. Amfaninsa gare ka shi ne ma'auni: idan cibiyoyi biyu na da nisan kilomita 1,000 amma kana ganin milisakan 60, akwai abin nema, idan 13 kake gani, bar shi. Haka kuma idan matsalar a ƙarshen mai amfani take, Wi-Fi mai rauni ko rautar gida da ke tara fakitoci a dogon layi lokacin da wani ke ɗora fayil, duk hanyoyinka ta nan za su bi, sauyawa ba ta magani. Alamarsa ita ce duk hanyoyi ukun su lalace lokaci ɗaya. Idan manhaja ta ga haka, ta rage ingancin bidiyo ta zauna inda take.

Zuwa da dawowa ma yana ɓoye abu, don hanyar tafiya da ta dawowa sau da yawa daban ne. Auna jinkirin ɓangare ɗaya yana bukatar agogo biyu su daidaita, kuma NTP, ƙa'idar daidaita agogo, a kan intanet kan yi kuskuren 'yan milisakan. Amma asarar ɓangare ɗaya ba ta bukatar agogo: lambar jeri a kowane fakiti, da ƙidaya a kowane gefe, sun isa a san ta wane ɓangare ake zubewa. Faɗin hanya da ya rage kuwa, kada ka riƙa auna shi da cika layi da kaya duk minti, kai ne za ka zama cunkoson. Gudun da ainihin fayiloli suka samu a awa ɗaya da ta wuce ya ishe ka.

Wajen sauyawa daga tsohon tsari, kada ka kashe shi rana ɗaya. Ka tayar da na wakilai a gefensa na mako biyu, yana ba da shawara ba a bi, kana rubuta abin da ya zaɓa da abin da tsohon ya zaɓa, ka gwada su da rahoton ainihin kira. Inda wata saba ta saɓa wa wakilan cibiyarta a kai a kai, alama ce tana fita ta wata hanya daban, sai a ware ta a rukuninta. Sannan kowane layi na taswira ya ɗauki lokacin da aka auna shi, manhaja kuma ta yi watsi da duk wanda ya haura minti uku, ta koma hanyar kai tsaye da tseren milisakan 250 har sabon bayani ya iso.